Mai Jan Layi

Ni ne Nomau, mai gadin lise,
ni ke jan layin fili ran Asabar.
Shekara ashirin da shida
ina tankaɗe tokar gidan burodin Bagalam,
in cika gwangwanin tumatir mai huji biyar,
in bi igiya daga turke zuwa turke
a duƙe, kamar mai shukar gyaɗa.

Bana takarda ta zo daga sama.
Mushe Kalla ya karanta mana a gindin bedi,
ya cire tabarau, ya goge, ya mayar:
an sake rabon gasar makarantu.
An zare mu daga 'yan bakin Gulbi,
an ɗinka mu da manyan gabas.
Wai can akwai kuɗin talla,
da riguna masu sunan kamfani a ƙirji,
da mai ɗaukar hoto.
Yara suka yi tafi.
Ni na ce, to, Tibiri fa?

Tibiri da keke ke kai ka kafin gumi ya keto!
Abokan hamayyarmu tun gemuna na baƙi.
Sukan zo a bayan motar albasa suna kiɗan bokiti,
mu yi musu ba'a, su rama,
a tashi a ci rogo da ƙuli a tire guda.
Mai gadinsu, Barmo,
bai taɓa shigowa bai taka layina ba.
Ya ce, a karkace yake, tsoho.
In ce, ragarku ta masuntan Madarumfa ce, har yanzu tana ƙarni.
Gaisuwarmu ke nan.

Yanzu wasan waje kwana biyu yake ci.
Asubar Juma'a a tasha,
a wuce Agye, a wuce Tasawa,
gwiwa a ƙirji har Damagaram.
Tsayabu mai tsaron gidanmu,
yaron da ke cafe balo kamar shaho,
ya rasa lissafin Juma'a sau bakwai
a shekarar jarrabawa.
Ubansa ya zo da kansa, bai ɗaga murya ba,
ya ajiye safar hannun a teburin darakta.

Kuɗin tallar sun zo, ban musu ba.
Gazuwal ya sha rabi,
masauki ya lashe saura.
Mota ɗaya ce, ba ta ɗaukar ƙungiya biyu,
sai aka ce 'yan matan ƙwallon hannu su dakata sai baɗi.
Baɗi kuwa ba ta da ranar zuwa.

Habsu mai lamurje tana nan bakin ƙofa.
Wa zai biya jika biyar daga gabas
don ya zo ya yi ihu?
Baƙi goma sha takwas, da direba.
Ƙanƙararta na narkewa a kula
tana korar ƙuda da marfi.

Su kuwa waɗanda muka bari,
makaranta uku ba ta yin gasa.
Na ji an ce awaki ke kiwo a tsakiyar filinsu,
wani ya shuka wake a bakin raga.

Asabar da ta wuce ina duƙe,
sai na ga inuwa a kan toka.
Barmo ne, ya sauka daga kabu-kabu,
hularsa a hannu.
Na miƙe, na shirya amsata a baki.
Ya dubi layin daga wannan turke zuwa wancan,
ya ɗaga ƙafa,
ya tsallake.
Ya ce, layinka ya miƙe, Nomau.

An ci mu biyu a ranar, ban ji zafinsu ba.

Da magariba, da fili ya watse,
na je kusurwar yamma, wadda ke duban Tibiri,
na sa diddige na karkata layin,
ɗan taki guda,
yadda mai ido zai gani daga titi.